Ya Mai Jiki?

Shekarar da na fara neman aure ita ce shekarar da na ƙure wa kwamfutata gudu, kuma da na san abubuwan nan biyu za su yi karo a hanya, da na jinkirta ɗaya. Wadda nake nema ma'aikaciyar jinya ce a asibitin koyarwa, gidansu a Darmanawa. Mahaifinta ya rasu, maganar aurenta tana hannun ƙanensa, wanda kowa ke kira Baffa. Da manyana suka je gaisuwa, Baffa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi a ba shi lokaci ya yi bincike, kamar yadda aka saba. Ban damu ba ko kaɗan. Ina sallah a jam'i, ba na shan ko sigari, ban taɓa faɗa da kowa a unguwa ba. Na ce a raina ya bincika har ya gaji.

A lokacin ina haya a wani gida a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaki ɗaya mai taga tana kallon yamma, da rufin kwano da silin da bai fi kwali kauri ba. Mai gidan wata Hajiya ce, tsohuwar ungozomar asibiti da ta yi ritaya. Tana zaune a sashen ciki, amma wuninta a ƙofar sashen take yi, kan tabarma, da carbi da rediyo, inda babu mai shiga ko fita ba ta gan shi ba. Sana'ata haɗa bidiyon biki. Masu ɗauka su kawo mini abin da suka ɗauko, in yanke, in jera, in sa kiɗa, sannan in bar kwamfuta ta haɗe shi ya zama fim guda. Wannan matakin na ƙarshe ni dafawa nake kiransa, domin babu abin da mutum zai yi sai jira. Kwamfutar kuwa ta tebur ce, 'yar kwatano, ta ga jiya ta ga yau. In na ɗora mata bikin masu hali, mai kamu da dina da walima, sai ta wuni tana dafawa, uwar amarya kuma tana kirana kamar na gudu da 'yarta.

Ina da aboki mai gyaran kwamfuta a kasuwar waya ta Tarauni, mutum mai son ya ga an yi abin da aka hana. Shi ya ce mini, "Kai, wannan furosesan naka ɗaure masa ƙafa aka yi. Masu ƙera shi tsoro gare su. Shiga bayos ka kwance shi."

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, wani ɗan fallen ƙarfe da bai kai tafin hannun jariri ba. Bayos kuma wani shuɗin shafi ne da ake shiga kafin ta gama tashi, inda ake saita yadda za ta yi aiki. Abin da abokina ya koya mini 'yan sana'a obakulok suke ce masa: ka ƙara mata gudu fiye da yadda aka yi ta, ka ɗan ƙara mata wutar da take sha don ta iya ɗauka. Na ƙara kaɗan, aiki ya yi sauri. Na ƙara, ya ƙara. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne, na ci gaba da ƙarawa kamar mai zuba sukari a shayin da ba shi zai biya ba.

Abin da bai gaya mini da kyau ba shi ne gudu da zafi tare suke tafiya. Akwai wata 'yar manhaja da ke nuna zafin furosesa a kusurwar allo. Da can lambar ba ta wuce sittin da wani abu. Yanzu da na ɗora mata aiki sai in ga tamanin, casa'in, tana hawa kamar farashin tumatir. In ta taɓa ɗari sai allon ya yi baƙi ɗif, aikin wuni ya tafi a banza. Ga shi bazara ta shigo, irin wadda ko ƙadangare ke neman inuwa. Ɗakina bayan azahar ya fi kama da gidan burodi.

To, a ɗakin nan waya ba ta kamawa sosai. In zan yi magana sai na fito tsakar gida, kusa da bakin rijiya, taku kaɗan daga tabarmar Hajiya. A nan nake kiran abokina kullum in ba shi rahoto, da murya irin ta wanda abu ya dama.

"Wallahi jiya ma ta sake suma. Ta kai ɗari."

"Na sa mata fanka tun safe, bai sauka ba."

"A'a, ba zan kai ta ko'ina ba, a ɗaki zan yi mata da kaina."

Ni ban taɓa tsayawa na saurari kaina ba. Kwamfuta ai ita ce, ba shi ba, haka Hausa ta ba mu. Ban kuma san cewa a zamanin da Hajiya ta yi aiki, ma'aunin zafin jikinsu wani iri ne daban, wanda mai lafiya ke nuna casa'in da takwas, mai zazzaɓi ya haura ɗari ba.

Abokina ya ce in fara da man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke shan zafinta, wataƙila ya bushe. Na kwance, na tarar ya bushe kamar tsohon tuwo a gindin tukunya. Ana goge shi ne da sifirit da auduga, ni kuma ba ni da su, sai na je wurin wa? Wurin Hajiya. Ta dube ni ta saman tabarau, ta shiga ta ɗauko mini. Sabon man kuwa, ga wanda bai sani ba, a cikin sirinji ake sayar da shi, sak irin na allura, sai dai babu tsinin. Ana ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mayar da ƙarfen a ɗaure. Ni da farko na lafta shi kamar mai shafa wa biredi bota, ya tsiyayo ta gefe, na goge na sake. Sirinjin da ya ƙare na jefa a kwandon sharar tsakar gida, tare da audugar.

Washegari ina fitowa Hajiya ta ce, "Malam, ya mai jiki?"

Abin ya ba ni dariya. Abokaina a kasuwa haka suke tsokanata, sai na ɗauka ita ma ta gano labarin ta shiga sahu. Har na ji ta ƙara burge ni, tsohuwa mai barkwanci. Na gyara fuska na ce, "Da sauƙi, Hajiya. Zafin ne dai ya ƙi sauka."

"Allah ya ba ta lafiya. 'Yar'uwarka ce?"

A unguwarmu wannan tambaya ce ta yau da kullum. Kusan kowane gida akwai wanda ya sauki ɗan'uwa daga ƙauye ya zo ganin likita. Amma ni da bakina mai ƙaiƙayi na ce, "Ai ta fi 'yar'uwa, Hajiya. Ita ce rufin asirina."

Ta ja carbinta. Da yamma sai ga kwanon kunun tsamiya a ƙofar ɗakina, da murfi. Na sha na yi hamdala, na ce Allah ya haɗa ni da mai gida ta gari. Daga nan kusan kullum sai an ajiye wani abu, yau kunu, gobe faten tsaki, wata rana har da romon kaza. Na yi ƙiba a bazarar nan, kowa na ramewa.

Ni kuwa ina can ina fama. Na cire murfin gefen kwamfutar na ajiye, na kafa mata fankar tsaye tana hura cikinta, ni ina zaune a gefe ina gumi kamar ɗan dako. Na sayo ƙananan fankoki biyu na ɗaura a jikin akwatin, zafi ya ƙi raguwa, sai da abokina ya zo ya ga na sa su duka suna tura iska ciki, babu mai fitarwa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya juya ta bayan. Na canja ƙarfen shan zafin da wani ƙato mai bututun tagulla. Kowace azahar in sayo ƙanƙara a leda in zuba a roba a bayan fanka, nesa kaɗan don kada laima ta shiga. Na rufe tagar da bargo saboda rana. In zan fita kuma tana dafawa, sai in bar fanka a kunne in danna wa ƙofa kwaɗo, domin ba na son kowa ya shiga ya taɓa waya.

Akwai kuma maganar kuka. Duk wanda ya san bikinmu ya san in za a kai amarya sai ta yi kuka, ko da ita ta matsa a yi auren. Iyayen biki suna son wurin nan a bidiyo, kuma suna son ya fito da kyau. Don haka nakan maimaita shi sau da yawa ina neman inda zan yanke, da sifika a buɗe. Ban taɓa tunanin yadda abin ke fita ta ƙasan ƙofa ba.

Sannu a hankali na fara cin nasara. Na gano cewa wutar da na ƙara mata ta yi yawa, ita ce ke haifar da rabin zafin. Na riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ina gwadawa, har na sami inda take gudu ba ta wuce tamanin da biyar ba, muddin da safe ne kafin kwano ya ɗau rana. Na ji kaina kamar wani injiniya. A wannan makon ne Baffa ya iso Gyaɗi-Gyaɗi da bincikensa. Ya tambayi limamin masallacinmu, ya ce yaron kirki ne. Ya tambayi mai kanti, ya ce ba ya cin bashi. Sannan ya yi sallama da Hajiya.

Ban ga laifinta ba, har yau. An tambaye ta tsakaninta da Allah, ta faɗi abin da ta ji da abin da ta gani.

Wadda nake nema ce ta kira ni da hantsi, muryarta a daskare. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Wace ce a ɗakinka?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan. Ta jero mini: mace mara lafiya, ba 'yar'uwa ba, tana suma, ina kulle ta da kwaɗo, na ƙi kai ta asibiti, ina yi mata allura da kaina. Tun tana cikin magana na zauna a bakin rijiya. Na fara rantse-rantse.

Ta ce, "Ni da na ji an ce ta kai ɗari na san kwamfutar nan taka ce, mutum ba ya kai ɗari sai a tukunya. Amma kukan macen fa?"

Na yi mata bayani. Sai na ji wani sauti kamar tana toshe baki da mayafi. Da ta iya magana ta ce, "Ni ka gama da ni. Amma Baffa ya ce gani ya kori ji. Yana nan zuwa bayan la'asar, kuma ya ce kada a gaya maka. Ban gaya maka ba."

Na so in gyara ɗakin, sai na ga duk abin da na kawar zai zama kamar na ɓoye wani abu. Na bar shi yadda yake.

Baffa dogo ne siriri, mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Yana da 'yan adaidaita sahu da yake ba matasa haya a Unguwa Uku. Ya zo da Hajiya a bayansa, ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta, fuskarta irin ta wadda ta zo ceton rai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice ya ce, "Ina mara lafiyar?"

Na nuna masa. Ga ta nan kan tebur, ciki a buɗe, wayoyi a waje, fanka a kanta, robar ƙanƙara a gefe ta zama ruwa. Baffa ya dube ta, ya dube ni. Ya ɗaga bargon taga. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin gado, da girmansa da komai. Ni kuma na kunna masa wurin kai amarya, kukan ya cika ɗakin.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ita ce! Muryar ce wallahi!" Ta matso ta leƙa allon, ta ga amarya cikin leshi ana rarrashinta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo a hankali ta ce, "To, kunun da nake damawa fa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni nake sha, Hajiya."

"Da romon kazar?"

"Allah ya saka da alheri, Hajiya."

Ta ce, "Amma kai dai an yi ɗan banza," ta fashe da dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Na ga gemun Baffa ma yana motsi. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce shi ke nan, na tsira.

Da na yi shiru a nan, da an tashi lafiya. Amma daɗi ya kwashe ni, bakina ya buɗe. Na shiga ba Baffa labarin yadda na kwance mata ƙafa, yadda masu ƙera ta suka sa mata iyaka ni kuma na tsallake, yadda take yin aikin wuni a rabin wuni. Ina magana ina nuna fankoki da bututun tagulla. Ban lura da lokacin da gemun ya daina motsi ba.

Ya ce, "Dakata. Wato da can lafiyarta ƙalau."

Na ce, "E, sai dai ba ta da sauri."

"Masu ita suka ce ga iyakar ƙarfinta. Kai ka ce ba ka yarda ba. Ka matsa mata har tana faɗuwa, sannan ka koma kana yi mata fifita."

Hajiya ta daina dariya.

Ya ce, "Irinku nake ba mashin su dawo mini da shi yana hayaƙi, su ce ai sun zuba masa ruwa a hanya." Ya ja kujerata ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa. "Sa ta aikin in gani."

Na so in ce masa yanzu ba lokacinta ba ne, da safe take yi. Amma wanda ya gama cika baki ba ya fara kawo uzuri. Na ɗora mata bikin da ke hannuna, wani ɗan guntu da na san ba zai daɗe ba, na nuna masa lambar da ke kusurwa, na ce in ta kai ɗari ne take ɗaukewa. Ya gyaɗa kai.

Rana ta gama dukan kwano tun azahar. Ƙanƙara ta narke. Mu uku a ɗaki, Hajiya ta tare ƙofa, iska ba ta shiga. Lambar ta tashi daga hamsin ta haye saba'in kafin in gyara tsayuwa. Tamanin. Tamanin da biyar, inda ta saba tsayawa, ta wuce ko waiwaye babu. A ƙasan allon kuma ga layin da ke nuna ci gaban aiki yana tafiya, ya wuce rabi. Na shiga lissafi a raina: in ta ƙarasa kafin ta faɗi, na nuna masa na san abin da nake yi. In ta faɗi a gabansa, na tabbatar masa da maganarsa, auren kuma sai dai in ji labari.

Casa'in. Ƙananan fankokin suka ɗau wani irin kuka siriri da ban taɓa jin sun yi ba. Casa'in da uku. Layin ya kusa ƙarshe, abin da ya rage bai fi faɗin yatsa biyu ba. Zufa tana bin bayana. Na kai hannu kusa da akwatin, iskar da ke fita ta baya ta dake ni kamar an buɗe murfin tukunya.

Gaskiya ba wani dogon tunani na yi ba. Tausayinta ne ya kama ni. Tsohuwar aba ce da ta ƙetaro teku bayan wani ya gama morarta, ita ta biya mini haya, ita ta ɗinka mini kayan da na je gaisuwa da su, ga shi ina gasa ta don in burge wani. Tana casa'in da shida na danna na tsayar da aikin. Lambar ta fara gangarowa, kukan fankokin ya lafa.

Baffa ya ce, "Me ya sa ka tsayar? Na ga saura kaɗan."

Na ce, "Ta gaji, Baffa."

"Da ka bari wataƙila da ta ƙarasa."

"Wataƙila."

Ya dube ni na ɗan lokaci. Ya sa hularsa, ya miƙe, ya yi wa Hajiya sallama, ya fita. Na bi shi har bakin titi, bai ce mini komai ba sai "Koma." Ya tari adaidaita ya hau.

Na dawo na zauna a ƙasan ɗakin, baƙin ciki ya rufe ni. Na tsallake tuhumar ɓoye mace, na zo na faɗi a kan abin da babu wanda ya tambaye ni. Na cika baki, aka ce in nuna, na kasa. Hajiya ta leƙo ta ce in yi haƙuri, ita ta ja mini. Na ce mata a'a, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Kwanaki suka wuce babu labari. Ban kira ba, don ina tsoron abin da zan ji. Ranar wata Juma'a, na dawo daga masallaci ina cire takalmi, wayar ta yi ƙara. Na fito bakin rijiya na ɗauka.

Ta ce, "Baffa ya zo gida ɗazu, ya yi magana da Umma. Ina ɗaki ina jin su."

Na ce, "To."

"Ya ce kana da rawar kai, kana da surutu, kuma kana son a yaba maka."

Na ce, "To."

"Ya ce ya zauna ne ya ga ko za ka bari ta faɗi don kada ka ji kunya a gabansa. Ya ce da ka bar ta, ko da ta ƙarasa aikin, ba zai ba ka ni ba." Sannan ta ce, "Ya ce manyanka su zo a sa rana."

Na daɗe riƙe da wayar, har ta tambaya ko layin ne ya yanke. Na ce mata a'a, ina nan.